Buhuna Huɗu Masu Ƙafar Kaza

Litinin, 3 ga Nuwamba, bayan la'asar

Baba, ka yi mini afuwa. Na san littafin kasuwarka ne wannan, kuma da kana raye ko bangonsa ban taɓa ɗagawa ba, sai dai in miƙo maka shi daga kan taga. Ban sani ba ko ya dace yarinya ta sa biro a inda mahaifinta ya tsaya. Umma ce ta ce in buɗe in nemo mata wani suna. Ban samu sunan ba, sai na tarar da shafi ashirin da shida a baya, babu komai a cikinsu. Yau wata biyu da kwana tara da rasuwarka, bakina kuma sai ƙara nauyi yake yi. Na ga kamar hannuna zai fi shi iya magana.

Sunan Baffa Sagiru ta ce in duba. Na bi shafi-shafi har sau uku. Akwai mai shayin bakin tasha da tiya biyu ta gero, akwai wata Hajiya da ban sani ba, har da wanda ya ari allurar ɗinkin buhu. Ƙanenka babu shi. Da na faɗa wa Umma, ta ce dama ta sani, don ba za ka iya sa sunan ɗan'uwanka a littafin bashi ba ko da wuƙa aka sa maka.

Ga dalilin neman. Yau aka sanar a makaranta cewa ranar Juma'a, 28 ga wata, za a rufe karɓar kuɗin jarrabawar WAEC. Wadda ba ta biya ba sai baɗi. Kai kuma a gadon asibiti ka ce wa Umma na karatun Afra'u yana wajen Sagiru. Buhu huɗu na riɗi ne, waɗanda ka ba shi da bazarar bara ya sayar, lokacin abin nan na ɗansa, Yaya Zailani. Ba zan rubuta abin ba, ka san shi. An yi da shi zai mayar da riɗi idan kaka ta yi. Kaka ta zo ta wuce, ga ta biyu.

A ƙasan kowane shafi ka rubuta Alhamdu lillahi, har a shafin da aka cuce ka. Zan bi sahunka. Abin godiyata na yau: shafukan nan.

Talata, 4 ga Nuwamba, da hantsi

Mu goma sha ɗaya ne ba mu biya ba a ajinmu. Malama Zaituna, mai kula da ajin, ba ta kira sunayenmu a gaban kowa ba. Na gode mata.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, bayan azahar

Umma ta sa kati ta kira Baffa. Sun gaisa har katin ya kusa ƙarewa: ya haƙuri, ya yara, ya jikin Iya, ya aikin gona. Ina kallon bakinta ya buɗe zai ɗauko maganar, sai ya rufe. Ta ce a gai da mutanen gida.

Maƙwabciyarmu, Maman Rukayya, tana zaune tana tsinke zogale. Ta ce wannan ai sakarci ne, a kai shi Hisba ko kotu kawai, kunya ba ta biyan kuɗin makaranta. Umma ta ce tana cikin takaba, ko ƙofar gida ba ta leƙawa, kuma ko da tana fita ba za ta tsayar da baffan 'ya'yanta gaban alƙali ba, don gobe shi ne waliyyinmu ni da ƙanwata Zulfa. Ta ce ko an je ma, ina takarda, ina shaida?

Shaida akwai, Baba. Iya, mahaifiyarku, tana tsaye aka ɗora buhunan a mota. Amma kai ne ɗanta na fari. Tun da nake ban taɓa jin sunanka a bakinta ba, sai dai “mutumin Dutse.” Ranar da aka kai ka ma ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Umma ta ce macen da ta tashi a irin wannan alkunya ba za ta buɗe baki ta tsaya wa ɗan fari a kan ƙanensa ba, gara ta haɗiye.

An yanke shawara ni zan je ƙauye ranar Asabar. Ni, da ko amsar da na sani ba na iya ɗaga hannu in faɗa a aji.

Abin godiya: Maman Rukayya ta bar mana rabin zogalen, duk da ta fita tana mita.

Asabar, 8 ga Nuwamba, bayan magariba

Na je, na dawo.

Mota biyu na hau, sannan na taka daga Aujara zuwa gida da ledar dabino da sabulu. Ko'ina riɗi ne an yanke an jingina shi dami-dami yana shan rana. Na Baffa ya yi kyau bana. Ban ji haushi ba, na ma ce Allah ya ƙara, sai daga baya na tambayi kaina ko da zuciya ɗaya na faɗa.

Iya na ganina ta ce ga ƙawarta 'yar boko ta zo da ƙafafu kamar sillen kara, ko a Dutse da littafi ake yin tuwo? Na ce ai ita ta cinye rabona tun ina goye. Ita kaɗai nake iya mayar wa magana. Inna Zulai, matar Baffa, ta dama mini fura har da nono mai yawa.

Baba, na ga buhunanka. Ban nema ba, su suka tare ni. Ɗaya an rufe akurkin kaji da shi, ɗaya an shanya kuɓewa a kai, biyu suna naɗe a saman rumbu. Ga alamarka nan da shuɗin fenti, zane uku kamar ƙafar kaza, ga facin da Umma ta yi wa ɗaya da jan zare. Na tuna ranar da na riƙe maka gwangwanin fentin.

Baffa ya shigo da la'asar. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi karatu, na ce lafiya. Ya ce ko akwai saƙo, na ce Umma tana gaisuwa. Ya ce madalla. Ya ba ni kuɗin mota har da ƙari, ya sa aka kama mini budurwar kaza. Muryarsa irin taka ce sak idan ya ce “Allah ya yi miki albarka.” Ta yaya zan ce wa wannan murya ta biya bashi?

Umma ba ta yi faɗa ba. Ta karɓi kazar ta ce an gode.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, da safe

Saura kwana goma sha tara. Kazar ta ƙi cin tsaki.

Laraba, 12 ga Nuwamba, bayan la'asar

Wata mata da ta je biki a ƙauye ta biyo ta gidanmu da abin da ta ce Baffa ya faɗa a cikin maza. Ba zan sa shi a littafinka ba. Abin da zan rubuta shi ne Umma ba ta taɓa ƙara ko tiya ɗaya a kan abin da ka faɗa mata ba, kuma ina ɗakin lokacin da ka faɗa. Huɗu ka ce. Ka ɗaga yatsu huɗu, da robar ƙarin ruwa a hannunka.

Wataƙila ma ba haka ya faɗa ba. Magana tana kumbura a hanya.

Umma ba ta ci abincin rana ba, ta ce azumi take yi. Na ga ta sha ruwa da safe.

Na daɗe ina neman abin godiya na yau. Zulfa ta haddace Tabara, ta biya mana ba gyara. Shi ke nan.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, bayan an sauko daga masallaci

Saura mu biyar. Malama Zaituna ta tsayar da ni a bakin ofis ta nuna mini takardar sunaye. Ta rubuta nawa da fensir a ƙasa. Ta ce fensir yana jira, amma ba ya wuce ranar 28, don ba ita ke rufewa ba. Na so in yi mata godiya mai tsawo, abin da ya fito kawai shi ne “to, Malama.”

A gida na tarar wani ya zo ganin keken ɗinkin Umma. Na jira ya fita, na ce mata idan ta sayar da keken ba zan zauna jarrabawar ba, don da shi muke cin tuwo. Ban taɓa yi mata magana haka ba. Ta dube ni ta ce ashe ina da baki. Ta ce to in kai bakin nan nawa ƙauye gobe.

Asabar, 15 ga Nuwamba, bayan magariba

Baba, na yi wauta, kuma ban san girmanta ba.

Tun a mota nake maimaita abin da zan faɗa, har na tsara shi kamar muhawara. Na tarar ana kaɗe riɗin Baffa a kan tamfol a bayan gida, mata suna shiƙa, Iya tana zaune a kan turmi tana korar awaki. Baffa ya zo da ƙura har gira. Na gaishe shi. Ya ce, yau ma gaisuwar ce? Duk abin da na tsara ya gudu. Idona ya faɗa kan akurkin kaji, na ga ƙafar kazarka kaji sun ɓata ta da kashi.

Na ce, “Baffa, buhunan Baba nake so a ba ni. Ko babu komai a ciki. Hannunsa ne a jiki.”

Wallahi abin da nake nufi ke nan. Na riga na fid da rai da riɗin, na ce ko zanen in samu in ajiye.

Matan suka daina shiƙa. Baffa ya ce wa Inna Zulai ta tattaro mini su, tsofaffin buhuna ne, me za a yi da su. Har ta miƙe, sai Iya ta yi magana ba tare da ta dubi kowa ba. Ta ce ita dai tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ganin an mayar da kwanon maƙwabta wayam ba, ko gishiri ne sai an ɗan zuba, balle buhu, balle zuwa gidan da ake takaba. Ta ce amma zamani ne, wataƙila an canza, ita tsohuwa ce.

Inna Zulai ta koma ta zauna. Baffa ya kakkaɓe ƙurar jikinsa. Can ya ce in tafi, za a kawo.

Iya ta raka ni har bakin danga, abin da ba ta saba ba. Na zaci za ta ce wani abu. Cewa ta yi in daina tafiya kamar kazar da ruwa ya daka.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, da hantsi

Da na ba Umma labari, ta yi dariya har ta riƙe ciki, dariyarta ta farko tun watan Agusta, sannan ta koma kuka. Ta ce na ɗaure Baffa da igiyar da ba a gani: ba zai hana marainiya buhun ubanta ba, kuma ba zai iya kawo shi wayam ba bayan abin da Iya ta faɗa a gaban mata. Na ce ni ban yi da niyya ba. Ta ce ta sani, da da niyya na yi da ba ta kama ba.

Ni dai kunya nake ji. Ban so a tozarta shi ba. Ƙanenka ne.

Abin godiya: dariyar Umma.

Laraba, 19 ga Nuwamba, da yamma

Shiru.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, bayan la'asar

Inna Zulai ta kira Umma da wayar maƙwabta, tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce Iya ta wanke buhunan nan huɗu da hannunta, ta hana kowa taya ta, ta shanya su a kan dangar da ke kallon zaure, inda duk mai shigowa gaisuwa sai ya gani. Sun bushe tun ranar Litinin amma ta ƙi kwashewa. Wanda ya tambaya sai ta ce na mutanen Dutse ne, suna jiran abin da za a zuba. Jiya ta sauke ɗaya ta juye riɗin gayaunarta a ciki, tiya shida, ta jingine shi a ƙofar ɗakinta da baki buɗe. Inna Zulai ta ce ita ma ta zuba ladan shiƙar da ta yi a gonakin mutane, kada a faɗa wa Baffa.

Ta ce Baffa ya daina cin abinci a tsakar gida. Ta ce a yi masa uzuri, har yanzu akwai masu bin bashi da ke zuwa nemansa saboda abin nan na Zailani, kuma riɗin bana da su ya yi wa alkawari.

Ban san wannan ba. Na daɗe ina ganin kamar mu kaɗai ne a cikin rana.

Abin godiya: tiya shida na tsohuwa, da Inna Zulai.

Litinin, 24 ga Nuwamba, bayan azahar

Yau kasuwar Shuwarin. Maman Rukayya ta ce an ga Baffa a layin 'yan riɗi. Ban tambaye ta da buhu nawa ba.

Talata, 25 ga Nuwamba, da hantsi

Saura ni kaɗai a fensir.

Laraba, 26 ga Nuwamba, bayan magariba

Bari in bi a hankali.

Na dawo daga makaranta na ga a-kori-kura a ƙofar gidanmu. A tsakar gida ga buhu biyu a tsaye, cike, an ɗinke bakinsu, ƙafar kaza tana kallona. Iya tana kan tabarma ta miƙe ƙafa tana cewa motar ta kwance mata ƙugu. Baffa yana zaure tare da Malam Isah, limamin unguwarmu, wanda Iya ta sa aka kira. Umma tana daga bayan labule.

Baffa ya yi ta kewaye-kewaye. Ya ce shekarar ta zo da nauyi. Ya ce ya sayar da wani sashe ya sallami masu nemansa, ya roƙe su su jira sauran. Ya ce biyu ya iya kawowa, kuma a cikin biyun ma akwai hannun mata. Sannan ya ce shi a gaskiya lissafin ya shige masa, tun da ba a rubuta ba, ba zai iya rantsuwa ko uku ne ko huɗu ba.

Malam Isah ya tambaya ko akwai wanda ya gani da idonsa. Ina jin kazar nan tana tono a bayan randa.

Sai Iya ta jawo jiki ta dafa buhun da ke kusa da ita, daidai kan zanen. Ta ce, “Huɗu ne. Ina tsaye aka ɗora.” Hannunta yana nan kan fentin. Ta ce, “Na ɗana ne.”

Baba, ɗana ta ce. A gaban liman, a gaban surukarta, a gabanmu. Na ji Umma ta toshe bakinta a bayan labule. Iya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce wa Zulfa ta kawo mata ruwa, ƙurar hanya ta shiga mata ido.

Baffa ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago ya ce huɗu ne, ya sani, Allah ya yafe masa. Ya tambaya ko littafinka yana nan. Na ɗauko, na riƙe shafukan baya da yatsa don kada su buɗe. Ya ce in rubuta saura buhu biyu a wajen Sagiru, zuwa kaka mai zuwa. Na tsaya, na ce Baba bai rubuta ba.

Ya ce, “Yaya ya ji kunyata bai rubuta ba, ni kuma na shimfiɗa tabarma a inuwar kunyarsa na kwanta damina biyu. Ke rubuta, 'yata.”

Na rubuta a ƙarƙashin mai allurar ɗinkin buhu. Ya sa hannu, Malam Isah ya sa. Malam ya ce a fitar da kuɗin jarrabawa, sauran a ajiye a haɗa da rabon gado. Iya ta ce nata kason a ƙara wa ƙawarta ta sayi ƙiba.

Sauran buhu biyun da babu komai Baffa ya koma da su. Ya ce ba zai bar su a nan wayam ba.

Ban san wa zan fara gode wa ba.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, bayan azahar

Alhaji Sale, abokin kasuwarka, ya zo da kansa da sikeli. Da ya ga zanen ya yi maka addu'a, sannan ya saya buhu ɗaya a farashin Litinin bai rage ko sisi ba. Ya juye riɗin a nasa buhun ya miƙo mini naka.

Na kai kuɗin kafin a tashi. Malama Zaituna ta sa abin gogewa ta share fensirin, ta miƙo mini biro ta ce in rubuta sunana da kaina. Na rubuta Afra'u Talha. Wannan karon na iya ce mata na gode, har sau biyu.

Asabar, 29 ga Nuwamba, da safe

Iya ta koma jiya. Da za ta hau mota ta ce in gai da mutanen gidan mutumin Dutse. Ta koma yadda take, kuma na fi son haka. Sau ɗayan nan ya ishe ni.

Na kira Baffa na tambayi ya suka isa. Ya ce lafiya, ya ce in dage da karatu. Na tambayi Yaya Zailani. Ya ce ya gode da na tambaya.

Na ninke buhunka na sa a ƙarƙashin katifata. Har yanzu yana ƙanshin riɗi.

Baba, na yi laifi biyu a littafinka: na cika maka shafuka da surutu, kuma na rubuta sunan da ka ƙi rubutawa. Ka yafe mini duka. Saura shafi tara. Ina neman izininka in riƙe su, in riƙa zuwa jefi-jefi, ko ranar da za mu fara jarrabawa, ko ranar da buhu biyun nan za su dawo gida. Na san ba za ka amsa ba. Amma dama can idan na roƙe ka abu ba ka cewa e, sai dai ka yi shiru ka ci gaba da ɗinkin buhunka, ni kuma in gane. Zan mayar da littafin kan taga in ba ka zuwa gobe.

Allah ya kai haske kabarinka. Alhamdu lillahi.